Zane mai tudu don baje kolin haɗin gwiwa a Jidda: akirilik, ma'ajun, jibs, yashi, tsumma ko kaki?

Idan masu zane huɗu ko biyar suka haɗa kai za su baje aikinsu a zaure ɗaya, zaman farko yakan ƙare ne a gardamar jigo da sunan da za a rubuta a takardar gayyata. Alhali abin da ya kamata a fara tsayarwa shi ne kayan da kowa zai tayar da tudun zanensa da su. A nan ake sanin ko aikin zai bushe kafin ranar buɗewa, ko bangon zauren zai ɗauke shi, da ko wanda ya saya zai dawo bayan wata shida yana nuna hoton tsaga a wayarsa. Wannan bayani na masu zane ne daga Hausawan Jidda da Makka da Madina, har da ɗalibanmu da ke karatu a nan, waɗanda ke son zane mai kauri da kaushi amma sun rasa wanne za su ɗauka cikin kayan da ke kasuwa.

Masu kallo a Jidda idonsu ya buɗe. Zauren nunin zane na Athr na nan tun 2009, na Hafez tun 2014, an buɗe cibiyar fasaha ta Hayy Jameel a 2021, kuma a 2023 aka yi babban baje kolin fasahar Musulunci na farko a tashar alhazai ta filin jirgin Sarki Abdul'aziz, inda iyayenmu ke sauka. Wanda ya saba zagaya irin waɗannan wurare zai tsaya a gefen zane ya dubi bakinsa, ya leƙa bayansa idan ya samu dama, ya tambayi da me aka yi.

Shi kansa salon ba baƙo ba ne gare mu. A shekarun 1950 Antoni Tàpies na Sifen yana cuɗa yashi da garin marmara, Alberto Burri na Italiya yana ɗinka tsofaffin buhuna a zanensa. Tun kafin su, maginan Zariya da Kano suna tayar da dagi da sauran ado a fuskar soro, su shafe da makuba. Abin lura a aikin maginan shi ne adon yana zaune a kan bangon da ba ya motsi, kuma da ƙasar bangon aka yi shi. Kanbas kuwa yana saki yana ɗamewa da sauyin danshi, yana kaɗawa idan mota ta faɗa rami. Tudu mai gautsi ba ya zama lafiya a kan abin da ke motsi, kuma yawancin ɓarnar da za a ambata a ƙasa daga nan take tasowa.

Ma'aunan da za a duba

Kuɗi. Kada a auna da farashin gwangwani, a auna da faɗin aikin. Lita ɗaya tana rufe murabba'in mita ɗaya a kaurin milimita ɗaya. Zane mai santimita 100 da 120 yana da murabba'in mita 1.2, don haka tudun milimita 3 zai ci lita 3.6, kusan galan guda ke nan na lita 3.78. Mai kawo zane uku yana bukatar lita 11, ban da abin da zai maƙale a wuƙa da bokiti. A tuna da harajin kashi 15 cikin ɗari, da kason da zauren zai cire idan an sayar, wanda a manyan wurare yakan kai rabi.

Ƙarko. Gidajen tarihi suna ƙoƙarin riƙe danshin ɗaki tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari. Ɗakin haya a Jidda ba ya bin wannan doka: esi na aiki iska ta bushe, an kashe an fita danshin teku ya shigo, musamman a Agusta da Satumba. Makka da Madina da Riyad sun fi bushewa. Zanen da aka gama a Jidda aka kai Kano cikin hunturu kuwa ya sha gwaji mafi tsanani.

Sauƙin aiki da lokacin bushewa. Ranar buɗewa ɗaya ce ga kowa, ba a ɗaga ta don mutum ɗaya.

Haɗari, ga lafiyar mai zane da kuma aikin abokan tafiyarsa, domin a mota ɗaya za a ɗauka, a ɗakin ajiya ɗaya za a jingine.

Nauyi. Yawancin bangon zaurukan nuni allon jibs ne a kan ƙarafuna, ba siminti ba. A tambayi mai zauren kilo nawa kowane marataya ke ɗauka tun ba a fara aiki ba.

Ƙullin akirilik na masu zane

Garin marmara ne cikin danƙon akirilik, irin na Golden da Liquitex da makamantansu, ana samunsa a Jarir da shagunan kayan zane. Shi ya fi tsada a jerin nan idan an cire fentin mai, kuma ƙananan gwangwanaye na mililita 237 su ne suka fi cin aljihu, gara a haɗa kuɗi a sayi galan a raba. Iri uku ne ke da muhimmanci. Mai tauri yana karɓar sassaƙa da samfefa amma ya fi son katako. Mai lanƙwasuwa shi ne na kanbas. Mara nauyi yana rage kilo sosai, sai dai yana da laushi, farce na iya loɓa shi, kuma yana shan fenti.

A shafa shi da wuƙar zane hawa-hawa, kowane hawa milimita 2 zuwa 3, a bar shi kwana ɗaya zuwa uku. Wanda ya lafta santimita guda lokaci ɗaya ya sa a gaban esi zai samu sama ta yi fata ciki na ɗanye, ruwan cikin na fita sai saman ya dare. A ba wa aikin da aka gama mako biyu kafin a naɗe shi.

Rauninsa zafi ne. Akirilik yana laushi a ɗumi, fuskarsa ta yi danƙo-danƙo, ƙura ta zauna daram. Zane biyu da aka haɗa fuska da fuska a bayan mota da rana za su manne, rabuwarsu kuwa sai ɗaya ya ɗebo fatar ɗaya. Ledar nan mai ƙurajen iska tana barin tambarinta a jiki, ba ya gogewa. Duk da haka, shi ne ya fi yafe kuskure, ba ya wari mai damun maƙwabta, kuma ruwa ba ya narkar da shi bayan ya bushe.

Mai son rage kuɗi zai iya haɗa nasa: garin marmara awo ɗaya, danƙon akirilik mai kauri awo ɗaya, sannan ya riƙa ƙara garin kaɗan-kaɗan yana gwadawa.

Ma'ajun na bango

Wannan shi ne jarabar kowa, domin kuɗin ƙaramin gwangwanin akirilik zai sayi bokitin ma'ajun a shagon fenti, ga daɗin shafawa, ga fari tas, ga sauƙin gogewa. Amma araha ba ta ado. An yi shi ne don a shafa siriri a bangon siminti a goge a yi fenti, saboda haka danƙon da ke cikinsa kaɗan ne. Idan ya yi kauri yana ƙanƙancewa ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. A kan kanbas kuwa ko bai tsage a ɗaki ba, zai tsage a hanya, ya riƙa zubo gari a gindin bangon zauren, a ƙarƙashin sunan mai shi.

Ana iya cin moriyarsa da sharuɗɗa huɗu, kuma ba a tsallake ko ɗaya. A yi shi a kan katako kaɗai. A zuba danƙon akirilik awo ɗaya cikin kowane awo uku ko huɗu na ma'ajun, a juya sosai. Kada hawa ɗaya ya wuce milimita 2. In ya bushe a shafe shi da danƙon da aka tsinka da ruwa sau biyu kafin fenti, in ba haka ba zai shanye launin ba daidai ba, wani wuri dishi-dishi wani wuri mai ƙyalli. Wasu suna sa farin gam na kafinta maimakon danƙon akirilik. Yana riƙewa a farko, amma yana laushi a danshi, kuma da shekaru yakan yi rawaya ya yi gautsi. Ga gwaji ba laifi, ga abin sayarwa bai dace ba.

Idan an lissafa danƙon da katakon da ƙarin kwanakin jira, rangwamen yana nan amma bai kai yadda ake zato ba.

Jibs

Shi ne na silin ɗin nan da ake kira POP a Najeriya. Yana da arha, kuma babu abin da ya kai shi fitar da baki mai kaifi, don haka mai son sassaƙa rubutun ajami ko dagi ko irin zanen ƙatt na matan Asir a tudu zai ji daɗinsa. Ana barbaɗa garin cikin ruwa ne, ba a zuba ruwa a gari, kamar awo biyu na gari ga awo ɗaya na ruwa. Yana kamawa cikin minti goma zuwa ashirin yana ɗumi, don haka a kwaɓa kaɗan-kaɗan, kada kuma a kuskura a binne hannu a ciki ya daskare, yana ƙonewa. Ragowar ba a zuba ta a magudanar wanke-wanke, za ta toshe bututun gidan haya.

Jibs ba ya manne wa katako mai santsi da kansa. Yana bukatar abin kamawa: ragar gilas irin ta masu gyaran bango, ko buhun garara da aka danne da gam da ƙusoshi. Ƙusoshin su zama marasa tsatsa, domin baƙin ƙarfe a cikin jibs yana tsatsa da wuri, jan tabo ya huda fenti ya fito. Kamawa kuma daban, bushewa daban. Muddin an ɗora tafin hannu an ji sanyi, da sauran ruwa a ciki, kuma a danshin Jidda hakan na iya kai mako guda ko fiye. Wanda ya yi fenti kafin nan zai ga fentin yana kumbura yana saɓulewa. Ga nauyi, ga gautsi a kusurwa. Zane babba na jibs yana bukatar firam mai zurfi da zai kare bakinsa.

Yashi da ƙasa

Ana sonsa a nan saboda launin hamada da kaushin da ke kama haske. Lita ɗaya ta busasshen yashi ta kai kilo ɗaya da rabi, don haka nauyi na taruwa da sauri. Babban tarkon shi ne yashin bakin Bahar Maliya: yana ɗauke da gishiri, gishirin yana jan danshi daga iska, sai farin gari ya riƙa tsirowa a fuskar zanen yana ɗaga fenti. Duk yashin da za a yi amfani da shi a wanke shi da ruwan daɗi sau da yawa har ruwan ya fita garau, a shanya ya bushe ƙarau, a tankaɗe da rariya. Wanda ba ya son wahala ya sayi wankakken yashi a shagon masu kifin ado.

Hanya biyu ce. Ko a cuɗa shi cikin danƙon akirilik har kowace ƙwaya ta jiƙe, ko a shafa danƙon a barbaɗa yashin a kai, in ya bushe a karkaɗe a rufe da wani siririn hawa. Ta biyu ta fi kyan gani, ta farko ta fi ƙarko. Idan aka shafa hannu ƙwayoyi suka biyo, danƙon ya yi kaɗan. Jar ƙasa da yumɓu kuwa suna ƙanƙancewa, a ɗauke su a matsayin launi, ɗan kaɗan cikin danƙo, kada a gina tudu da su. Mai goge yashi ko ma'ajun da samfefa ya sa takunkumi na gaske, ƙurar tana illa ga huhu.

A baje kolin haɗin gwiwa yashi yana da wani laifi na daban: zanen yashi da aka jingina da na wani samfefa ne, zai kankare masa fuska.

Tsumma, takarda da fata

Nan ne mai zane Bahaushe ya fi kowa jari: saƙi, guntun shadda, rinin baba na Ƙofar Mata, jar fatar Sakkwato, zaren aikin hula, wuri, tsohon buhun dabino. Ba su da nauyi, ba su tsagewa, kuma suna tayar da tudu ba tare da an kashe lita-lita na ƙulli ba. Kuɗin yana tafiya ne a danƙon mannawa.

A wanke sabon yadi a fitar da sitaci, domin sitaci yana hana mannewa kuma abinci ne ga fumfuna da ƙwari. A gwada rinin baba a gefe tukuna, yakan zuba idan jiƙaƙƙen danƙo ya taɓa shi ya ɓata farin da ke kusa. Fata tana da maiƙo kuma tana motsi da danshi, ɗinki ya fi riƙe ta a kan gam. Takardar jarida tana yin ja ta rube cikin 'yan shekaru, kuma jaridun Larabci sukan zo da aya ko sunan Allah a tsakiyar shafi, a karanta kafin a yaga a manna. Guntun ƙarfe, makulli ko sarƙa, zai yi tsatsa a Jidda sai in an rufe shi da warnish ta kowane gefe. Fumfuna tana tashi idan danshi ya daɗe sama da kashi 65 zuwa 70, wato daidai halin ɗakin da aka kulle aka tafi hutu wata biyu. Launin yadi kuma yana koɗewa a hasken taga, a gaya wa mai saye.

Fentin mai da kakin zuma

Babu wanda ya kai shi zurfin launi, kuma ana iya kankare hawa a fito da na ƙasa. Amma ga baje kolin da ya rage wata biyu, a manta da shi. Fentin mai mai kauri yana yin fata cikin kwanaki ko makonni, ciki kuwa yana ɗaukar watanni, kuma ba a sa masa warnish sai bayan wata shida zuwa shekara. Kakin da ake cuɗawa a sanyi yana sa fentin ya tsaya da wuri, sai dai idan ya wuce kashi ɗaya cikin uku na haɗin dole a koma katako. Kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 65, yana laushi tun kafin nan, motar da aka ajiye a rana a watan Yuli kuwa cikinta na iya haura 60. Sinadarin da ake tsinka fentin mai da shi yana da tururi mai sa ciwon kai a ɗakin da aka rufe saboda esi, balle gidan da ke da yara. Ana ɗora mai a kan akirilik, ba a ɗora akirilik a kan mai, zai saɓule.

| Kaya | Kuɗi | Ƙarko | Lokacin jira | Kanbas ko katako | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ƙullin akirilik | Mai tsada | Mai kyau ƙwarai | Mako 2 | Duka biyu | Mannewa a zafi |
| Ma'ajun da danƙo | Mai arha | Matsakaici | Mako 2 zuwa 3 | Katako | Tsaga da zubar gari |
| Jibs | Mai arha | Mai kyau in bai bugu ba | Mako 3 | Katako da raga | Karyewa, tsatsa, nauyi |
| Yashi da danƙo | Matsakaici | Mai kyau in an wanke | Mako 2 | Katako ya fi | Gishiri, kankare na wasu |
| Tsumma da takarda | Arha zuwa matsakaici | Ya danganta da ajiya | Mako 1 zuwa 2 | Duka biyu | Fumfuna, koɗewa |
| Mai da kaki | Mafi tsada | Mai kyau in ya nuna | Watanni | Katako ya fi | Zafi, wari, rashin bushewa |

Katakon da gwajin

Ablakash, wato allon siraran katakai da aka manne hawa-hawa, mai milimita 6 a girman 100 da 120 yana da kilo huɗu da ɗoriya, MDF, wato allon matsattsen garin katako, mai milimita 9 ya kai takwas, kuma MDF yana kumbura idan ruwa ya shiga bakinsa. Ko wanne aka ɗauka, kafinta ya ɗaure shi da sanduna ta baya don kada ya lanƙwashe, a shafe gaba da baya da gefuna huɗu, sannan jeso, wato farin shafen da ake fara yi kafin zane, hawa biyu ko uku. Shafe gaba kaɗai shi ke sa allo ya yi baka.

Kafin a taɓa babban aiki, kowa ya yi gwajin haɗinsa a guntun kanbas da guntun katako, a kaurin da yake nufi. Bayan mako guda a lanƙwasa kanbas ɗin a jikin kwalbar ruwa, a karce da farce, a goga jiƙaƙƙen tsumma, sannan a bar guntun a mota yini ɗaya. A kawo gutsattsarin zaman ƙungiya kowa ya ga na kowa. A wannan zaman ne kuma za a tsayar da iyakar nauyi, da yadda za a jera mai ƙyalli nesa da mara ƙyalli, da wanda zai biya idan aikin wani ya lalata na wani, a rubuce. Fitilar zaure da aka saba tana sauka a kusurwar digiri 30. Mai son inuwar tudunsa ta fito ya nemi a matso da ita kusa da bango, amma ya sani za ta tona kowace tsaga. Ɗauka kuma a yi ta bayan isha'i ko da asuba, a tsaye, da abin tokare a kusurwoyi yadda babu abin da ke taɓa fuskar zane, ba a buɗaɗɗen dabbab, ƙaramar motar ɗaukar kaya, da azahar ba.

Wa ya dace da wanne

Wanda wannan ne baje kolinsa na farko, ko ya rage ƙasa da wata biyu, ya ɗauki ƙullin akirilik, ya rage girman zanen idan kuɗin ya yi yawa. Wanda aljihunsa bai kai ba kuma zanensa ƙanana ne, ƙasa da santimita 60, ma'ajun da danƙo a kan ablakash zai fisshe shi, ya rubuta gaskiyar kayan a takardar da ke gefen zanen. Mai sassaƙa rubutu da ado mai kaifi, wanda mai sayensa a cikin gari yake, jibs ne nasa, da firam. Mai son zane babba da ba zai wahalar da bango ba ya gina jikin tudun da tsumma ya rufe da ƙulli mara nauyi.

Wanda ke fatan alhazai da 'yan umara su saya su tafi da shi Kano ko Yamai ya tuna yawancin jiragen sama suna tsayawa a kilo 23 da jimillar tsawo da faɗi da kauri santimita 158. Nasa shi ne akirilik mai lanƙwasuwa ko tsumma, a ƙaramin allo da zai shiga akwati, jibs da ma'ajun ba sa jure jifan masu lodi. Yashi ya fi dacewa da wanda zai iya yi wa kowane zane akwatinsa. Mai da kaki kuwa na wanda ke da ɗakin aiki daban da inda iyali ke kwana ne, kuma aka sanar da shi ranar buɗewa tun shekara guda kafin ta zo.